Yadda Ake Ɗora Babban Kamfani a Kan Sikeli: Misali da Audugar Garwa

Duk wanda ya taɓa halartar kasuwar auduga a ƙauyukan arewacin Kamaru ya san darajar sikeli. Da kaka ta yi, manomi zai tattake audugarsa a cikin tamfol, ya ɗaure, a rataya a sikeli, malamin ƙungiya ya rubuta kilo, a cire bashin taki da na maganin feshi, abin da ya saura shi ne guminsa. Kamfanin da ke sayen audugar, Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, ya shafe shekaru hamsin yana auna manomi. To shi kamfanin fa, da wane sikeli za a auna shi? Yaya za a san yawan man da ya ƙona, da ruwan da ya sha, da dajin da aka sare don audugarsa, da hayaƙin da ya tura sama? Masana suna kiran wannan aiki auna sawun kamfani a kan muhalli, kuma yana da tsari hawa-hawa.

Mataki na ɗaya: shata iyaka

Kafin a ƙirga ko lita ɗaya, sai an amsa tambayar da ta fi kowace wuya: ina kamfanin ya fara, ina kuma ya ƙare? Sodecoton yana da masana'antun gurzar auduga a Garwa, Marwa, Gider, Kaele, Ngong, Tuboro da wasu garuruwa, da masana'antun tatsar mai guda biyu a Garwa da Marwa, inda man girki na Diamaor yake fitowa. Waɗannan nasa ne, ba gardama. Amma gonakin na manoma ne su fiye da dubu ɗari, waɗanda ke ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta CNPC-C. Mai son ya nuna kamfanin fes zai iya tsayar da iyaka a katangar masana'anta, ya ce abin da ke bayanta ba ruwansa.

Don toshe wannan kafa ne aka fito da ƙa'idar GHG Protocol a 2001, wadda ta kasa hayaƙin kamfani gida uku. Gida na ɗaya shi ne abin da kamfani ya ƙona da hannunsa, a motocinsa da janaretocinsa da tukwanen tururinsa. Na biyu shi ne wutar lantarkin da ya saya. Na uku shi ne duk abin da ya faru dominsa a hannun wasu, tun daga masana'antar da ta haɗa taki a wata ƙasa har jirgin ruwan da ya kai audugar Asiya. Kamfanin da ke ba manomi iri da taki da magani, ya gaya masa ranar shuka da ranar feshi, dole gona ta shiga littafinsa. Daga nan sai a zaɓi shekarar tushe da za a riƙa kwatanta sauran da ita. A harkar auduga ya fi kyau a bi kakar noma, daga shukar watan Yuni zuwa ƙarshen gurza a bazara mai zuwa, domin kalandar Janairu tana raba kaka ɗaya gida biyu.

Mataki na biyu: tattara takardu

Yawancin aikin a ofishin akanta da ɗakin ajiya ake yinsa. Mai awo zai nemi rasit ɗin man dizal, da takardun kuɗin wuta, da littafin shigar taki da fitarsa, da takardun babban sikelin ƙofar masana'anta inda ake auna mota da kaya a kuma auna ta wayam. Ƙa'idar ita ce a rubuta kowane abu da ma'auninsa na asali, lita ko kilo ko kilowat, ba kuɗinsa ba, don farashi yana hawa yana sauka alhali lita tana nan yadda take. Inda takarda ta ɓata, sai a yi ƙiyasi, a kuma rubuta a fili cewa ƙiyasi ne.

Mataki na uku: mai da wuta

Lissafin dizal shi ne mafi sauƙi. Lita ɗaya idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Sai a tara litocin manyan motocin da ke kwaso auduga daga ƙauyuka, da na injunan gyaran hanyoyin karkara, da na baburan malaman gona, a ninka. Akwai kuma jigilar diloli daga Garwa zuwa Ngaundere, tafiyar kusan kilomita 280 da hawan dutse a ƙarshenta, inda jirgin ƙasa na Camrail ke ɗauka zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala. Idan motar ta kamfani ce, a gida na ɗaya za a sa ta. Idan ta ɗan kwangila ce, gida na uku. Jirgin ƙasa kuwa ana lissafa shi da nauyin kaya sau nisan tafiya.

Wutar lantarki ta fi sarƙaƙiya. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Wutar ruwa hayaƙinta kaɗan ne. Sai dai lokacin gurzar auduga ya faɗo ne a rani, sa'ad da ruwan madatsar ke ja da baya, ake tayar da injunan da ke shan mai irin na Jambutu a Garwa don cike giɓi. A 2023 an ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gider. Saboda haka kilowat ɗin watan Nuwamba da na watan Afrilu ba nauyinsu ɗaya ba. Mai awon da ya san aikinsa zai nemi bayanin wata-wata na inda wutar ta fito, ba zai ɗauki ƙididdigar ƙasa baki ɗaya ba, wadda manyan madatsun kudu suka rinjaya.

A masana'antar mai kuma akwai abu biyu. Idan ana ƙona ɓawon angurya a tukunyar tururi, hayaƙinsa a shafi dabam ake rubuta shi, domin kabon ɗin da ya fita shi ne wanda shukar ta zuƙa daga iska a daminar da ta wuce. Sannan idan ana amfani da sinadarin heksan wajen tatso ragowar mai daga ƙuli, sai a kwatanta abin da aka saya da abin da ya rage a tanki. Bambancin shi ne abin da ya tsere cikin iska.

Mataki na huɗu: shiga gona

A nan ne sawun giwa ke danne na raƙumi. Mu ɗauki buhun yuriya guda mai kilo 50. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, wato kilo 23 a buhu. Kwamitin masana sauyin yanayi na duniya, IPCC, ya ba da mizanin cewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na naitirojin da aka zuba a ƙasa yana tashi a matsayin iskar naitiros. A buhunmu hakan ya kama kamar giram 360 na wannan iska. Ta yi kama da abin raini, amma kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya kamar kilo 273 na kabon a tsawon shekara ɗari. Idan aka ninka, an samu kusan kilo 99. Ita kanta yuriyar idan ta narke tana sakin kusan kilo 37 na kabon. Jimla kilo 136 ke nan daga buhu ɗaya, daidai da ƙona lita 50 ta dizal, ba a ma sa iskar gas da aka ƙona wajen haɗa takin ba, balle jigilarsa daga Duwala zuwa arewa. Yanzu a tuna cewa a shekarun nan yankin kan noma fiye da tan 300,000 na auduga a kaka mai kyau, kuma kowace hekta da buhunanta.

Akwai tarko a nan. Abin da aka fitar daga ɗakin ajiya ba lallai ne duka ya sauka a gonar auduga ba. Manomi mai iyali yakan raba takin, ya ba masararsa wani kaso, kuma masarar baɗi tana cin ragowar takin audugar bana. Don haka ba a dogara da littafin ajiya kaɗai. Sai a zaɓi gonaki daga kowane yanki, daga busasshen filin Marwa zuwa ƙasar Tuboro mai ruwa, a zauna da manoma a tambaye su abin da suka zuba. Haka ake yi da maganin ƙwari: a rubuta sunan sinadarin, da yawansa, da sau nawa aka yi feshi, da inda gorunan suka ƙare, domin gorar magani da ta koma ta zuba mai ko ruwan sha ita ma sawu ce.

Mataki na biyar: ruwa

Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Arjen Hoekstra, shi ya fito da tsarin auna sawun ruwa a 2002. An kasa ruwa launi uku: kore shi ne ruwan sama da shuka ta sha, shuɗi shi ne wanda aka jawo daga kogi ko rijiya, ruwan toka kuma shi ne yawan ruwan da za a buƙata don surka gurɓatar da aka zubar har ta daina cutarwa. Wannan rabo yana da amfani ƙwarai ga Garwa. Auduga ta yi ƙaurin suna a duniya saboda ban ruwan da ya ƙafar da tafkin Aral a tsakiyar Asiya, amma audugar arewacin Kamaru ta damina ce. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, kuma Garwa na samun kusan milimita 1,000 a shekara, Marwa ƙasa da haka. Wannan ruwan zai sauka ko an shuka auduga ko ba a shuka ba. Wanda ya haɗa shi da na ban ruwa a jimla ɗaya ya zalunci manomin Binuwai.

Shuɗin ruwa a nan kaɗan ne, amma a auna shi: a sa mita a kowace rijiyar burtsatse ta masana'anta, a ƙiyasta ruwan da ake haɗa maganin feshi da shi. Ruwan toka kuwa sai an ɗebi samfur daga magudanar masana'antar mai da kuma rafukan da ke kwarara zuwa Binuwai, a farkon damina da tsakiyarta, a kai ɗakin gwaji.

Mataki na shida: ƙasa da itatuwa

Tun shekarun 1970 mutane suka riƙa ƙaura daga yankin Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai suna buɗe sababbin gonaki, har noma ya matso gandun dajin Binuwai da na Buba Njida da na Faro. Ana auna wannan da hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat da Sentinel, a ɗora hoton bana a kan na shekarun baya, a ga inda daji ya koma gona. Bisa ƙa'ida, kabon ɗin dajin da aka sare ana raba shi a kan amfanin shekara 20 da suka biyo baya. Hoto daga sama ba ya bambance gonar auduga da ta gyaɗa kodayaushe, don haka sai an taka da ƙafa an tabbatar.

Littafin yana da shafin riba ma. Ta hanyar shirye-shirye irin su DPGT na shekarun 1990 da ESA da ya biyo bayansa, an ƙarfafa manoma su bar gawo ya tsaya a gonakinsu, su yi shuka a ƙarƙashin ciyawa ba tare da huɗa ba. Ana ƙirga itatuwan, a auna kaurin gindinsu, a haƙi samfurin ƙasa zuwa zurfin santimita 30 a duba yawan kabon ɗinta. Amma wannan riba sai an yi haƙuri da ita, don ƙasa tana ɗaukar shekaru kafin canjinta ya bayyana a gwaji.

Mataki na bakwai: rabon nauyi

Kilo 100 na audugar manomi yana ba da kamar kilo 42 na gurzajjiyar auduga, fiye da rabi kuma angurya ce da za ta zama mai da abincin dabbobi. Wa zai ɗauki nauyin takin? Idan aka raba bisa kilo, angurya ce za ta ɗauki kaso mai tsoka. Idan aka raba bisa kuɗi, gurzajjiyar auduga ce, don ita ke kawo yawancin kuɗin shiga. Ƙa'idar ISO 14044 ta bar ƙofa ga hanyoyin biyu, da sharaɗin a bayyana wadda aka bi. Bayan haka sai a fitar da lamba biyu: jimlar shekara, da abin da ya faɗa kan kowane tan. A shekarar fari jimla na iya raguwa alhali nauyin kowane tan ya ƙaru, saboda an zuba taki amfani bai zo ba. Duba lamba ɗaya kawai yaudarar kai ce.

Mataki na takwas: baƙon ido

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rahoton da kamfani ya rubuta wa kansa ba ya zama hujja sai wani mai bincike mai zaman kansa ya bi sawunsa, ya zaɓi rasit ya nemi asalinsa, ya je ƙauye ya tambayi manomi. Ƙa'idar ISO 14064 ta tsara yadda ake wannan tantancewa. Dokar muhalli ta Kamaru mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996 ita ce tushen binciken muhalli na masana'antu a ƙasar, masu sayen auduga a waje kuma, ta hanyar tsare-tsare irin su Cotton made in Africa, suna ƙara neman shaidar yadda aka noma ta.

Saura abu ɗaya, wanda sau da yawa ake mantawa da shi. Rahoton da aka rubuta da Faransanci aka aika Yawunde da Turai ba zai rage ko buhu ɗaya na taki ba. Wanda zai rufe yuriya da ƙasa bayan ya zuba ta, ya bar gawo a gonarsa, ya huda gorar magani don kada a sake amfani da ita, yana ƙauye, kuma Fulatanci ko Hausa ko Tupuri ko Mundang yake ji. Mataki na ƙarshe shi ne a mayar masa da sakamakon a taron ƙungiyarsa, a gaya masa nauyin hektarsa da na maƙwabcinsa da dalilin bambancin. Shi ne ya fi kowa sanin karatun sikeli, tunda kowace kaka a gabansa yake tsayawa.