Yaushe Ake Cire wa Majiyyaci Na'urar Numfashi?

Wata mai sauraronmu daga Tsibiri, wadda mahaifinta ke kwance a asibiti a Maradi, ta aiko da wannan tambaya.

To Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Likita yakan duba ko ciwon ya lafa, majiyyacin ya farka, yana iya tari, kuma iskar oksijin da ake ba shi ba ta wuce kashi 40 cikin 100 ba. Sannan a rage taimakon na'urar na minti 30 zuwa awa 2. In numfashinsa ya haura sau 35 a minti, ko ya galabaita, sai a mayar da taimakon, a sake gwadawa washegari. Gaggawar cire na'urar kan sa a sake zura masa bututun numfashi, jinkiri kuwa kan jawo ciwon huhu.