Wasiƙar Nasiha ga Ɗaliban Aikin Jinya na Ƙasar Daura Masu Shirin Shiga Asibiti

Zuwa ga samari da 'yan matan ƙasar Daura, tun daga cikin birni har Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, waɗanda suka zaɓi karatun aikin jinya da na ungozoma, kuma suke gab da fita daga aji su shiga ɗakunan marasa lafiya.

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jan hankali a kan zangon karatun nan da ɗalibai ke kira fostin, wato lokacin da makaranta ke tura ɗalibi asibiti domin ya san makamar aiki a ƙarƙashin idon ƙwararru, yana zagayawa daga ɗakin maza zuwa na mata, daga na yara zuwa na haihuwa, daga ɗakin tiyata zuwa asibitin ƙauye. Da yawa sukan ɗauke shi a matsayin sharaɗin shiga jarrabawa, su mayar da hankali ga tara sa hannun manya a littafin ayyuka, alhali kuwa a cikinsa ne ɗalibi yake cin wani bashi mai nauyi, domin duk abin da hannunsa ya iya, a jikin wani bawan Allah ya koye shi. Jijiyar da ya fara lalube da allura ta wani manomi ce da ya daure bai ce uffan ba, cikin da ya fara aunawa na wata baiwar Allah ne da kunya ta rufe, kuma mafi yawan masu kwanciya a asibitin gwamnati talakawa ne da ba su da wata mafaka sai nan. Yadda ake biyan wannan bashi shi ne abin da wasiƙar ta ƙunsa.

Ya kamata ɗalibi ya fara sanin gidan da ya shigo. Aikin jinya a Nijeriya yana ƙarƙashin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda dokar shekarar 1979 ta kafa ta hanyar haɗe hukumomi biyu da suka gabace ta, kuma ita ce ke tsara manhaja, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisi, ta kuma karɓe shi idan an ci amanarsa. Ma'anar wannan ita ce ɗalibi ba shi da lasisin kansa, yana aiki ne a inuwar lasisin nas ɗin da ke lura da shi, don haka duk kuskuren da ya yi a ɓoye wani ne zai amsa tambaya a kansa. A Jihar Katsina, makarantar koyon jinya ta Katsina da ta ungozoma ta Malumfashi sun daɗe suna yaye ma'aikata, ita kuwa Makarantar Fasahar Lafiya ta Daura tana horar da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin ƙauyuka, kuma nas mai hankali ba ya raina su. Asibitocin kansu hawa uku ne: na matakin farko a unguwanni da ƙauyuka, manyan asibitocin jiha, sannan na tarayya kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura. Wannan sana'a kuma tana da asali mai daraja da ya dace iyaye masu ɗari-ɗari su sani, domin Rufaida Al'aslamiyya ta kafa hemarta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a wurinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin gwalalo, shekaru fiye da dubu kafin a haifi Florence Nightingale a 1820.

Kashin farko na biyan bashin shi ne gaskiya a wajen awo. Aikin da ake fara damƙa wa ɗalibi shi ne duba alamomin rai, wato zafin jiki, bugun jini, numfashi da hawan jini, kuma saboda ana maimaita shi ba dare ba rana, shi ne aikin da aka fi saurin rainawa. A ƙaddara ɗaliba tana aikin dare a ɗakin masu ciki, ƙarfe biyu ya gota, wuta ta ɗauke, masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a tsakanin gadaje sun yi barci, ita kuma idonta ya yi nauyi. Babu abin da ya fi sauƙi a wannan lokaci kamar ta dubi lambar da aka rubuta da magariba ta kwafe ta, ba wanda zai gani. Amma idan ta daure ta haska tocila, ta ɗaura abin awo a damtsen matar da ke gadon ƙarshe, ta ga jininta ya haura 140 bisa 90, matar kuma ta ce kanta na sarawa kuma tana ganin dishi-dishi, to ta gano alamun da ke gabatar jijjiga, ciwon nan da ke kayar da mai ciki ya hallaka uwa da ɗa, wanda ake tarewa da allurar magnesium sulphate idan an farga da wuri. Haka nan mai jego da jininta ya zuba ya kai rabin lita bayan haihuwa, sau da yawa saurin bugun jininta ne ke fara tona asirin halin da take ciki. Likita yakan zo zagaye ya wuce, nas ce ke kwana a bakin gado, kuma da abin da ta rubuta ake yanke hukunci, saboda haka lambar ƙarya a takardar maras lafiya shaidar zur ce a kan ran mutum.

Kashi na biyu shi ne sanin iyaka. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar gaban akwatin magani, inda ake buƙatar a tabbatar da abu biyar kafin a miƙa ƙwaya ko a soka allura: mutumin da aka rubuta wa, sunan maganin, adadinsa, hanyar shigarsa jiki, da lokacinsa. Maganin yara bisa nauyinsu ake lissafa shi, ta yadda ɗigo guda da ya kauce a rubutu zai iya ninka adadin sau goma. Ɗalibin da ya ji nauyin faɗa wa sista cewa bai gane ba, ya zaɓi kare girmansa da lafiyar wani, kuma wanda ya yi kuskure ya ɓoye ya toshe ƙofar gyara tun tana buɗe. Faɗan metiron ɗaci gare shi, amma yakan wuce kafin a tashi aiki. Wannan iyaka tana bin ɗalibi har gida, domin da zarar 'yan unguwa sun ga farar riga za su fara kiransa likita, su kawo allurar da suka saya a kemis a yi musu, ko su nemi a ɗaura wa tsohuwa ƙarin ruwa a ɗaka, kuma alherin da ya fi a nan shi ne a raka su asibiti.

Kashi na uku shi ne tsare mutunci da sirri. Daura gari ne da kowa ya san gidan kowa, ta yadda wanda ke kan gado zai iya kasancewa surukin maƙwabci ko malamin da ya koya wa ɗalibi karatun allo, kuma kalma ɗaya da ta fita daga asibiti game da cutar wani tana iya kashe aure ko ta hana budurwa miji. Abin da ido ya gani a ɗakin jinya a nan ake barinsa, ba a kai shi zaure, ba a ɗauke shi a waya, ba a sa shi a WhatsApp ko TikTok ko da an rufe fuskar mai shi. Kafin a taɓa mutum akan yi sallama, a kira shi da sunan girmamawa, Baba ko Inna, Malam ko Hajiya, a gaya masa cewa mai duba shi ɗalibi ne, a nemi izininsa, a ja labule, domin lambar gado ba sunan mutum ba ce. Wannan ladabi yana da nasaba da rai kai tsaye, musamman a ɗakin haihuwa, inda yarinya mai cikin fari, wadda al'ada ta koya wa ɓoye naƙuda saboda kunya, take zuwa a tsorace. Idan aka daka mata tsawa ko aka yi mata gori, ba za ta dawo ba, kuma za ta hana ƙannenta da kishiyoyinta zuwa, sai a zauna a gida da doguwar naƙuda har kan jariri ya danne mafitsara naman wurin ya mutu, abin da ke haifar da yoyon fitsari. Duk wanda ya san matan da ake yi wa gyara a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa yana wannan tiyata, ya san tsadar kalma mara daɗi a bakin ungozoma.

Kashi na huɗu shi ne kiyaye kai, domin mai jinyar da ya kwanta ya ƙara wa asibiti nauyi. Zazzaɓin Lasa ya samo sunansa ne daga garin Lasa na ƙasar Borno, inda aka fara gane shi a 1969 bayan ya kama ma'aikatan jinya na mishan ya kashe biyu daga cikinsu, haka kuma cutar Ebola da ta shigo Legas a 2014 ta ci ran likita Stella Adadevoh tare da wasu ma'aikatan jinya. Wanke hannu da sabulu kafin taɓa maras lafiya da bayansa, sa safar hannu, jefa allura a akwatinta ba tare da mayar mata da murfi ba, da karɓar rigakafin ciwon hanta tun kafin fara fostin, su ne katangar da ke tsakanin ɗalibi da irin wannan ƙaddara.

Kashi na biyar, wanda ya fi dacewa da ƙasar Daura, shi ne ɗaukar fostin ɗin ƙauye da muhimmanci, ko da yake shi ne ɗalibai suka fi neman hanyar kauce wa. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta amince cewa lafiyar jama'a a matakin farko ake gina ta, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dasa wannan tsari a Nijeriya lokacin da yake ministan lafiya daga 1985, aka kafa hukumar kula da shi ta ƙasa a 1992, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware masa asusu na musamman. A irin wannan asibiti nas takan zama ita ce mai duba maras lafiya, mai karɓar haihuwa, mai ajiye lissafi, mai wayar da kai, kuma mai yanke shawarar lokacin da za a nemi mota a tura mutum gaba. Ranar rigakafi ɗaliba za ta ga mata sun cika rumfa da goyo tun hantsi, za ta koyi duba sanyin akwatin allurai, wanda dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, ta karanta katin yaro ta san an yi masa ta mako 6, ta 10 da ta 14, saura ta ƙyanda a wata 9. Za ta zagaya igiyar awo a damtsen yaron da ya haura wata 6, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ta san tamowa ta yi tsanani, ta kuma zauna da uwar cikin lalama ta ji abin da ake ci a gidan kafin ta ce komai.

A nan ne kuma ake koyon kalandar cututtuka, domin damina na zuwa da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa ake bin gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata, rani kuwa da zafin bazara lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. Masarautar Daura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, jama'a na kai da kawo ta Kongolam domin kasuwa da zumunci, kuma cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan, saboda haka rahoton da nas ta aika kan yara uku masu ƙuraje a ƙauye ɗaya yana iya tare annoba a ƙasa biyu. Tarihin shan'inna ya isa darasi: jita-jita ta tsayar da rigakafi a wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake bazuwa, kuma ba a kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da nau'inta na asali ba sai ranar 25 ga Agusta, 2020, bayan sarakuna, hakimai, dagatai da malamai sun sa baki. Don haka ɗalibin da ya isa gari ya fara gaida dagaci da liman, ya girmama ungozomar gargajiya da wanzami, domin su ne ke da kunnen jama'a, kuma ta hanyarsu ake rage al'adu masu cutarwa kamar yawan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi.

Wasiƙar ba ta ɓoye cewa aikin da wuya, ma'aikata sun yi kaɗan, kayan aiki sukan yanke, albashi bai kai wahalar ba, kuma ƙwararru da dama suna tafiya Ingila da Saudiyya neman abin da ya fi. Neman haƙƙi ta hanyar ƙungiyar ma'aikatan jinya halal ne, neman ci gaba ma haka, sai dai maras lafiya ba shi ne ya jawo ƙuncin ba, don haka ba a huce haushi a kansa, ba a kuma karɓi na goro kafin a dube shi. Wanda ya sami lasisi ya tuna da mutanen da suka miƙa masa hannu da jiki lokacin da bai iya komai ba, ya ba ƙasarsu wasu shekaru na ƙuruciyarsa, kuma ranar da aka turo masa ɗalibi mai rawar hannu ya tsaya a kansa ya koya masa da haƙuri, domin ta haka ne bashin ke isa ga masu shi.

Allah Ya sa albarka a karatun, Ya tsare hannuwan daga kuskure, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya zaunar da ƙasar Daura lafiya. Haza wassalamu.