Darasi: Ɗalibi a Ƙasar Waje da Hutun Ƙarshen Mako

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku samarin Batsari da Safana, wannan darasi naku ne, musamman waɗanda Allah Ya buɗe wa hanyar karatu a ƙasar waje. Wasunku iyayensu ne suka tura su, wasu kuma gwamnati, kamar yadda gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau a 2023, ta tura ɗalibai Masar karatun likita. Saboda haka bari mu yi misali da birnin Alƙahira.

A Masar ranakun hutu su ne Jumma'a da Asabar. To, ɗan'uwa, ka sani ba a cikin aji yaro yake lalacewa ba. Daga yammacin Alhamis zuwa daren Asabar, nan ne ake gane wanda ya je neman ilmi da wanda ya je shan iska.

Na farko: yawon buɗe ido

Wannan babu laifi a cikinsa. A Suratul Hajji, aya ta 46, Allah Ya kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa domin zukata su hankalta. Ka je Fusɗaɗ ka ga masallacin Amru ɗan Asi, wanda shi ne na farko da aka gina a Masar. Ka je Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970. Ka je Giza ka ga dalar Fir'auna Khufu, wadda tsawonta ya kai kamu 146 na mita lokacin da aka gama ta. A 2021 an kwashe gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 an kai su sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ. Mutanen da aka yi wa sujada, ga su nan kwance cikin gilashi, ana sayen tikiti a kalle su.

Amma da sharaɗi. Lokacin da Annabi (S.A.W.) ya bi ta gidajen Samudawa a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka da tsoron Allah, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ka je ne ka ɗauki wa'azi. Kada ɗaukar hoto ya cinye maka Azahar da La'asar.

Na biyu: dare

Hanyar da ta kai ka dala, wadda ake kira Shari'ul Haram, ta daɗe da yin suna da gidajen rawa. Ba ranar farko za a miƙo maka giya ba. Aboki zai ce, "Zo mu je, kallo kawai, lemo za mu sha." Mako na biyu ka zauna kusa da masu sha. Mako na uku Asuba ta wuce kana barci. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ya sa a Suratul Isra'i, aya ta 32, kusantar zina aka hana, ba aikata ta kaɗai ba. Giya da caca kuwa, Suratul Ma'ida, aya ta 90, ta ce a nisance su. Wai babu wanda ya san ka a can? To, Wanda Yake ganin ka a Ruma ko Runka, Shi Yake ganin ka a bakin Nilu.

Na uku: kuɗin wa kake kashewa?

Kun fi kowa sanin abin da 'yan bindigar dajin Rugu suka yi wa ƙasarmu: an kore shanu, an bar gonaki, an biya kuɗin fansa. Dala kuma, wadda take wajen naira 460 a farkon 2023, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Uba ya sayar da gero, uwa ta sayar da akuyarta, ko kuwa an ɗebo daga baitulmalin talakawa. Sai kai ka ƙarar da shi a dare ɗaya? Wallahi wannan cin amana ne. Hadisin Tirmizi ya nuna za a tambayi bawa rayuwarsa, da ilminsa, da dukiyarsa ta ina ya samu, ta ina ya kashe.

Ka tuna da Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin hisabi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Shekara kusan 300 ke nan ana ambaton sunan Katsina saboda shi. Kai da me za a tuna ka?

Abin yi

1. Ka tsara fitarka a kan lokutan salla, ka riga ka san masallacin da za ka yi Jumma'a.
2. Ka fita da abokai masu salla, ka komo masauki bayan Isha'i.
3. Ka ware kuɗin yawo tun farkon wata, kada ka ci bashi a kansa.
4. Wurin da ba za ka iya faɗa wa Baba a waya ka je ba, kada ka je.
5. Wanda ya riga ya faɗa, ya tuba, ya sake abokai. Ƙofar tuba a buɗe take.

Allah Ya tsare mana ku, Ya komo da ku gida da ilmi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.