Farautar wafiti a duwatsun Amurka

1. Dabbar da ƙasarta

A yammacin Amurka akwai jerin manyan duwatsu da ake kira Roki. Sun miƙe tun daga ƙasar Kanada, a arewa, har zuwa jihar Niyu Meziko, a kudu. Wasunsu sun fi mita 4.000 tsawo. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, wanda ke Bagzan cikin Abzin, mita 2.022 ne.

Cikin waɗannan duwatsu ake samun wata dabba mai suna wafiti. Faransawa suna rubuta sunan wapiti, Amurkawa kuwa suna ce mata elk. Wafiti ya kai gwanki girma, har ya ɗara shi. Namiji yana kai kilo 300 ko fiye, mace kuwa wajen kilo 230. Jikinsa ja-ja ne, wuyansa baƙi-baƙi, gindinsa fari-fari. Namiji kaɗai ke da ƙaho. Ƙahon yana da rassa kamar busasshen icce. Kowace shekara, a ƙarshen sanyi, yakan faɗi, sabo ya tsiro. Ƙahoni biyu na babban namiji suna iya kai kilo 18.

2. Yadda wafiti ya kusa ƙarewa

Kafin zuwan Turawa, an ƙiyasta wafiti sun kai miliyan 10 a Amurka ta Arewa. Mutanen asali na ƙasar suna farautarsu don nama da fata. Da Turawa suka zo da bindigogi, sai kisa ya wuce kima. Ana kashe su don a sayar da nama a birane. Wani ma haƙora biyu na sama kawai yake cirewa don ado, ya bar gawar ta ruɓe. Wajen shekarar 1900, abin da ya rage bai kai 100.000 ba.

Sai hukuma ta tashi tsaye. Tun a 1872 an keɓe gandun dajin Yalosuton, daga baya aka hana farauta a cikinsa. A 1900 aka yi dokar da ta hana kai naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha zuwa wata. A 1905, zamanin shugaba Tiyodo Rusbelt, wanda shi kansa maharbi ne, aka kafa ma'aikatar kula da dazuzzukan ƙasa. A 1912 aka ware wa wafiti wurin cin sanyi kusa da garin Jakson, cikin jihar Wayomin. A 1937 kuma aka sa harajin bindiga da harsashi ya zama kuɗin kiyaye namun daji. An yi ta ɗaukar wafiti daga Yalosuton a jirgin ƙasa ana kai su inda suka ƙare. Yanzu sun kai wajen miliyan 1. Jihar Kolorado ta fi kowace jiha yawansu: tana da fiye da 250.000.

3. Dajin kowa da kowa

Gwamnatin Amurka tana riƙe da fili wajen murabba'in kilomita miliyan 2 da dubu 600, wato ninki biyu na ƙasar Nijar. Mafi yawansa yana yamma. Wannan fili ba na mutum ɗaya ba ne, na jama'a ne. Namun dajin ma na jama'a ne, jiha ce ke kula da su. An hana farauta a Yalosuton, amma an yarda da ita a dazuzzukan ƙasa da ke kewaye da shi, da sauran irinsu masu yawa.

Mai kuɗi yakan ɗauki ja-gora. Ja-gora ya san dajin. Yana da dawakai da tanti da mai dafa abinci. Shi ke nuna inda dabba take, shi ke fiɗa, dawakansa ke ɗauko nama. Ladarsa ta mako ɗaya dubban dalolin Amurka ce. Direba ko birkila ko malamin makaranta ba ya iya biyan wannan kowace shekara. Amma tun da dajin na kowa ne, ba wanda zai tare masa hanya. Sai ya ɗauki jakarsa ya shiga shi kaɗai. Aikin da ja-gora da dawakai suke yi, duk ya koma kansa.

4. Dokoki

Aikin farko shi ne sanin doka, don kowace jiha da tata. Dole maharbi ya sayi takardar izini. Takardar tana faɗin yankin da zai shiga, da ranakun da zai yi, da irin makamin da zai riƙe, da ko namiji zai harba ko mace. Takarda ɗaya, dabba ɗaya. Inda masu so suka yi yawa, ƙuri'a ake jefawa. Wani yakan yi shekaru yana jira. Baƙo daga wata jiha yakan biya ninki goma, ko fiye, na abin da ɗan jiha ke biya.

A Kolorado, duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya yi karatun riƙon makami kafin a ba shi takarda. Mai bindiga kuma sai ya sa riga da hula masu launi mai haske, kamar ruwan goro, don kada wani maharbi ya ɗauke shi dabba. Idon wafiti ba ya rarrabe wannan launi sosai. Ba a harbi da dare, ba a haska dabba da fitila. Ba a sayar da naman, ba a kuma barinsa ya lalace.

Akwai wuraren da dokar 1964 ta keɓe, inda mota da babur da keke ba sa shiga, sai mai ƙafa ko mai doki. A Wayomin, baƙo ba ya farautar manyan namun daji a irin waɗannan wurare sai da ja-gora.

5. Shiri da tafiya

Lokacin farauta daga Satumba ne zuwa Nuwamba. Amma tun da watanni maharbi yake shiri. Yana hawan tudu da jaka mai nauyi don ƙafafunsa su yi ƙarfi, saboda a bisa dutse iska ba ta da kauri, mutum yana saurin haki. Yana nazarin taswira, ya ga inda ruwa yake da inda ciyawa take. Yana kuma lura da iyakar filin jama'a da na masu garke, don shiga filin wani ba izini laifi ne. A yau salula tana nuna masa wannan iyaka.

Cikin jakarsa akwai ƙaramin tanti, da bargo, da busasshen abinci, da abin tace ruwa, da wuƙa, da igiya, da ashana, da madubin hangen nesa, da buhunan nama. Kafin ya tashi, yana gaya wa iyalinsa inda za shi da ranar da zai komo. Ya bar motarsa inda hanya ta ƙare. Wafiti yana gudun hanya da hayaniya, saboda haka wanda ya fi nisa da ƙafa ya fi sa ran gamuwa da shi.

6. Neman dabba

Wafiti yana kiwo da asuba da kuma maraice. Da rana yakan kwanta cikin duhuwar itatuwa, a gefen dutsen da ke da inuwa. Maharbi yana duba sawu, da kashi, da itacen da namiji ya goge da ƙaho, da taɓon da ya yi birgima a ciki. A watan Satumba, lokacin barbara, maza suna yin wani kuka mai tsawo kamar busar sarewa. Ana jin sa daga nesa. Maharbi yana kwaikwayon kukan da ƴar mabusa, namiji ya zo neman abokin faɗa.

Babban makamin wafiti hancinsa ne. In ya sansano mutum, garken duka ya tafi. Don haka maharbi yana lura da iska. Da sanyin safiya iska tana gangarowa daga bisa dutse. In rana ta yi zafi, sai ta juya ta hau. Yakan saki ɗan gari a iska ya ga inda ya nufa, sa'an nan ya kewayo yadda iska za ta bugo fuskarsa. Mai baka sai ya matso kamar mita 30 ko 40. Duk da wannan wahala, mafi yawan maharba hannu wofi suke komawa gida.

7. Bayan harbi

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. In dabba ta faɗi, maharbi yana tsaga kwanan wata a takardarsa, ya ɗaura ta ga naman. Mutum ɗaya ba ya iya jan kilo 300. Nan take yake fiɗa, tun nama bai yi zafi ya lalace ba. Ya cire cinyoyi biyu, da hannuwa biyu, da naman baya da na wuya, ya zuba a buhuna, ya rataye su a inuwa. Babban namiji yana ba da tsokar nama wajen kilo 100. Sai maharbi ya yi ta goya shi a baya, sawu huɗu ko biyar, zuwa mota. Wani lokaci jigilar takan ci kwana biyu. Shi ya sa mai hankali ba ya harbi a wurin da ya san ba zai iya fitar da nama ba.

Haɗari kuma yana da yawa. Dusar ƙanƙara tana iya saukowa ba zato, wanda tufafinsa suka jiƙe sanyi na iya kashe shi. Wanda ya karye a ƙafa ba shi da mai ɗaukarsa. A jihohin Montana da Wayomin da Aidaho akwai beyar mai suna girizili, wadda ƙanshin nama ke jawowa. A can ana rataye nama bisa icce, nesa da tanti, ana kuma riƙe kwalbar feshin barkono. Da yawa suna ɗaukar ƙaramar na'ura da ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, don salula ba ta kamawa a cikin duwatsu.

Maharbi shi kaɗai yake tafiya, amma dajin da ya shiga da dabbar da ya tarar, jama'a ce ta kiyaye masa su fiye da shekara 100. In ya bi doka, ɗansa ma zai tarar da wafiti.

Ma'anar kalmomi

ja-gora: wanda ya san hanya, yake gaba ana bin sa.
duhuwa: wurin da itatuwa suka yi cinkoso.
beyar: babbar dabba mai gashi da manyan farata, tana cin nama da ƴaƴan itace.
jigila: kai da komowa da kaya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ƙahon wafiti da ƙahon sa?
2. Me ya sa wafiti ya kusa ƙarewa wajen 1900?
3. Ina ake kai harajin bindiga da harsashi?
4. Ku faɗi dokoki huɗu da maharbi yake bi.
5. Don me maharbi yake lura da iska?

Lissafi

Wani maharbi yana da nama kilo 100. A kowane sawu yana ɗaukar kilo 25. Tsakanin naman da motarsa kilomita 6 ne. Sawu nawa zai yi? In daga wurin naman ya fara, kilomita nawa zai taka gaba ɗaya?

Aiki

Ku tambayi wani tsohon maharbi na garinku sunayen namun dajin da ya sani yana yaro. Ku rubuta waɗanda ake gani har yanzu, da waɗanda aka daina gani.