Kafin Ka Ƙara wa Akori-Kura Sifirin ko Ka Canza Mata Giyabos

Tambaya biyu masu tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504 suka fi yawan yi. Ta farko: "Bayanta ya zauna, sifirin nawa zan ƙara?" Ta biyu: "Da na hau babban titi sai injin ya yi ta kuka, ko in sa mata giya biyar?" Duka biyun ana yi, kuma suna yin kyau idan an yi su da lissafi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, sifirin da taya da aksul da giyabos da birki duk lissafi ɗaya ne. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa sauran, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Motar ta cancanci a kashe mata kuɗi. Peugeot ta fitar da 504 a 1968, samfurin akori-kura ya biyo baya a 1979, kamfanin PAN na Kaduna kuma, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Shi ya sa har gobe za ka sami kayanta a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ga kuma dattawan makanikai da suka san ta ciki da bai. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an adana ta yadda ya kamata.

Fara da awo, ba da sayen kaya ba

Ka sauke komai daga bayanta, ka daidaita iskar tayoyi, ka tsayar da ita a kan daɓe mai shimfiɗe. Ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar kowane wili zuwa bakin bodin da ke samansa, ka rubuta. Sannan ka auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, dama da hagu. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aksul ya goce, kuma galibi santabol ne ya karye, wato kusar da ta ratsa tsakiyar sifirin ta riƙe shi a mazauninsa. Irin wannan motar ce za ka gani daga baya tana tafiya a karkace, tana cinye taya gefe guda.

Daga nan ka shiga ƙarƙashinta da tocila da waya-burushi. Ka kankare laka da tsatsa a wuraren da sifirin ya rataya a jikin shasi, domin nan ne tsagewa ke ɓuya. Ka bi ganyen sifirin ɗaya bayan ɗaya: wanda ya tsage yakan bar wani siririn layin jan tsatsa a gefensa. Ka sa ƙarfe ka ɗan banƙara idon sifirin, in ya yi motsi bushi ya mutu. Shokazoba mai jiƙe da mai ta gama aikinta.

Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Motar da aka yi wa sababbin bushi da santabol da shokazoba, aka canza ganye ɗaya ko biyu da suka gaji, takan tashi ta koma tsayinta na asali ba tare da an ƙara mata komai ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan ƙarin sifirin ya zama dole

Ka fara tambayar kanka aikin da motar take yi. Wadda kullum cike take da buhunan masara daga ƙauye zuwa kasuwa, bukatarta daban da ta wadda ake fita da ita ranar hutu ba kaya. Ga mai ɗaukar kaya, ganye ɗaya a kowane gefe ya wadatar, biyu shi ne iyaka. A sa shi a ƙarƙashin uwar sifirin, wato babban ganyen sama, ko mai bi mata, faɗinsa daidai da na sauran, tsawonsa kuma ya shiga jerin, kowane ganye ya ɗan gaza na samansa. Wannan jerin ne yake raba nauyi. Idan aka cusa gajeren ganye mai kaurin gaske da aka ciro daga babbar mota, sifirin ba zai lanƙwasa a tsakiya ba, duk wahalar sai ta koma kusa da ido, can kuma uwar za ta karye. Abin da aka yi wa dama a yi wa hagu, rana ɗaya.

Abu uku kada ka yarda a yi maka, ko da wa ya ce ya saba yi. Kada a gasa sifirin da wutar gas don a lanƙwasa shi, domin zafin yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta. Zai tashi yau, ya kwanta bayan wata biyu. Kada a yi masa walda. Kada kuma a mayar da tsohon yubol, kusoshin nan masu baki biyu da suka ɗaure sifirin da aksul. Sun riga sun miƙe tun ɗaurin farko, ga shi kuma kaurin sifirin ya ƙaru. A sa sababbi masu isasshen tsawo tare da sabon santabol, a ɗaure su a gicciye sannu sannu, sannan bayan tafiyar kilomita ɗari ko biyu a sake bin su da sifana.

Kusoshin bushi kuwa, sai an sauke motar daga jak ta tsaya da ƙafarta sannan a yi musu ɗaurin ƙarshe. Idan aka ɗaure su tana rataye, da an sauke ta robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe, kafin damina ta wuce ta yage.

Yanzu ga maganar da masu lodi ba sa son ji. An ƙera motar nan don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma ƙarin ganye bai canza wannan ba. Ya hana bayanta zama, shi ke nan. Boris ɗin wili, sandunan aksul, tayoyi, shasi da birki suna nan yadda suke. A da, zaman da bayanta ke yi shi ne yake gaya maka kaya sun yi yawa. Yanzu ka rufe mata baki, saboda haka kai ne za ka riƙa ƙirga buhunan.

Ɗaga mota: kaɗan ya isa

Mai bin hanyar gona yana da hujjar son ƙarin tsayi. Shawarata kada ya wuce santimita 3 zuwa 4. Dogon shakul, wato ƙarfen da ke rataye wutsiyar sifirin a jikin shasi, shi ne hanya mafi araha, amma yana sa bayan mota lilo a kwana, yana kuma karkata bakin aksul. Duk ɗagawar da aka yi, a duba abu huɗu. Shokazoba ta kai sabon tsayin, kada ta zama ita ce ke riƙe aksul idan taya ta faɗa rami. Tiyon birkin baya ya kasance da sauran sassauci idan aka ɗaga motar aksul ya sauka ƙasa gaba ɗaya. Kuros ɗin furofela kada ya karkace da yawa, alamarsa kuwa rawar da za ka ji a ƙasan kujera. Na huɗu shi ne wanda ake mantawa: idan motarka tana da bawul ɗin nan da ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki, wanda ke da sanda ko ɗan sifirin zuwa aksul, dole a sake saita shi. In ba haka ba, motar tana cike da kaya shi kuma yana ganin fanko ce, sai ya rage wa birkin baya ƙarfi daidai lokacin da ake bukatarsa.

Gaban 504 ba ganye ba ne, naɗaɗɗen sifirin ne a kan shokazoba. Idan gaban ya zauna, sabon sifirin shi ne magani, ba cusa yankakkiyar taya tsakanin zobbansa ba. A yi amfani da abin matse sifirin na gaske wajen kwancewa, domin idan ya kuɓuce yana iya karya hannu ko muƙamuƙi. A duba boljoyin da tayarod, a gama da alaimen.

Babbar taya ma tana ɗaga mota, kuma ita kaɗai ce ke ɗaga cikin aksul daga ƙasa. Sai dai tayar da ta fi ta asali girma da kashi 5 cikin 100 tana rage ƙarfin jan mota da kamar haka, tana ƙara wa birki aiki, maleji kuma ya riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. Ka riƙe wannan lissafin, domin za mu bukace shi a wajen giya. Kuma ka sayi tayar ɗaukar kaya, mai harafin C bayan lambarta.

Giya biyar: wa take yi wa amfani?

Giyabos ɗin da aka fi samu a 504 shi ne BA7 mai giya huɗu. A giya ta huɗu, juyi ɗaya na injin juyi ɗaya ne na furofela. Masu giya biyar, BA7/5 da BA10/5 da ake samu a wasu 504 da kuma 505, suna ƙara giyar da ke rage juyin injin da kusan kashi ɗaya cikin shida. Injin da ke juyi 4,000 a minti a giya ta huɗu zai sauko wajen 3,300 a ta biyar a gudu ɗaya. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, mai ya ɗan yi auki. Ga mai zirga-zirga tsakanin Kaduna da Zariya da Kano, wannan riba ce a fili. Ga wanda aikinsa yashi da tabo da hawan tudu, giya ta biyar ado ce kawai, gara ya kashe kuɗin a kan kuloci da birki.

Kafin ka yanke shawara, ka san lissafin aksul ɗinka. Ka cire kan batir da fulogogi, ka datse tayoyin gaba, ka ɗaga tayar baya ɗaya ka tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, ka saki birkin hannu, ka sa giya ta huɗu. Ka yi alama da alli a jikin tayar da kuma fulin injin. Wani ya riƙa juya injin da sifana yana ƙirgawa har tayar ta yi juyi biyu cif. Adadin juyin injin shi ne lissafin aksul. Idan ya haura huɗu da rabi, aksul ɗin mai ƙarfin ja ne, giya biyar za ta zauna masa daram. Idan ka sami ƙasa da huɗu, wataƙila wani ya taɓa sa masa haƙoran ƙaramar mota. Haɗa wannan da babbar taya da giya biyar a kan injin mai 1,796cc ko 1,971cc zai ba ka motar da ba ta iya riƙe giyarta ko a ɗan tudu, kana ta taka totur, man da ka so ka rage ya ƙaru.

Wajen saye da ɗaurawa

Araha ba ta ado. Kafin ka biya kuɗin giyabos na hannu, ka kwance noti na zubar da mai ka duba abin da ya fito. Ɗan laushin garin ƙarfe ba laifi ba ne, amma gutsattsari ko ƙyallin tagulla na nufin cikinsa ya ci. Ka juya sandar gaba da hannu a kowace giya har da ribas, ka saurari gurnani, ka girgiza ta ka ji ko tana wasa.

Sannan a ajiye tsohon da sabon a ƙasa gefe da gefe, a auna. Ramukan kusoshin da ke haɗa shi da injin sun yi daidai? Haƙoran sandar gaba sun shiga faifan kuloci? Bakinta ya zauna a tsakiyar fulawil? Mazauninsa ya faɗo a kan gadar da ke ɗauke da shi? Wutsiyarsa ita ce babbar magana, domin Peugeot da yawa na wancan zamani furofelarsu a cikin bututu take gudu, kuma wutsiyar giyabos ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Idan tsawo ya bambanta, mafi alheri a nemo furofelar da ta dace da shi. In kuwa sai an yanke, a kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya yanke a kan lez ya daidaita nauyinta. Furofelar da aka yanke da zarto aka haɗa da ido za ta ci boris da oyilsil, wata rana kuma ta tsinke ana cikin gudu.

Mai motar da giyarta ke jikin sitiyari ya san cewa sandar za ta koma ƙasa, za a huda bene, kuma mai zama a tsakiya zai takura. A rufe ramin da roba don ƙura da hayaƙi. Tunda an riga an sauke giyabos, a canza faifan kuloci da boris ɗinsa da oyilsil na bayan injin lokaci guda. A haɗa wayar maleji da fitilar ribas. Wajen mai kuma a kula: Peugeot ta tsara BA7 da baƙin mai irin na injin, aksul ɗin baya ne ke shan man giya mai kauri. Zuba mai kauri a giyabos na sa giya taurin shiga da safe, musamman da hunturu.

Bayan an gama, ka riƙe doka ɗaya: da kaya a baya, ko a hawa, ko ƙasa da kilomita 80 a awa, giya ta huɗu ce giyarka. A ta huɗu ƙarfi yana wucewa kai tsaye, a ta biyar kuwa sai ya bi ta ƙananan haƙora, su ne kuma suke fara mutuwa a hannun mai lodi.

Ka bi aikin daki-daki: shasi da birki da farko, sannan bushi da sifirin da shokazoba, sannan taya, giyabos a ƙarshe. Bayan kowane mataki ka fita gwaji a hanyar da ba cunkoso, fanko sannan da kaya, ka taka birki da ƙarfi ka ga ko tana ja gefe. Idan ka canza komai rana ɗaya kuma wata rawa ta ɓullo, ba kai ba makanikenka ba wanda zai san inda ta fito. Ka rubuta duk abin da aka sa mata da motar da aka ciro shi a ɗan littafi ka ajiye a cikin mota, kuma kada ka sayar da tsohon giyabos ga 'yan gwangwan sai sabon ya yi wata uku yana aiki lafiya. Allah Ya tsare hanya.