Darasin Lafiyar Iyali: Yadda Za A Kwantar Da Jariri Barci

Karatu: 1 Sarakuna 3:16-28

'Yan'uwa cikin Almasihu, a duk lokacin da aka karanta wannan nassi, hankalinmu yakan tafi kan hikimar Sarki Sulemanu. Amma ku duba aya ta 19. Abin da ya kai matan nan biyu gaban sarki shi ne jariri ya mutu da dare, domin uwarsa ta kwanta a kansa cikin barci. Har yau wannan yana faruwa a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, Taura da Garki.

Akwai kuma wani abu mai kama da shi. A kwantar da jariri lafiya ƙalau, ya sha nono, babu zazzaɓi, da safe a tarar ya rasu. Likitoci suna kiransa mutuwar fuju'ar jarirai. Ya fi samun 'yan wata 2 zuwa 4, kuma yawancinsa kafin wata 6 ne. A wurinmu sai a ce mayu ne, ko a kira uwar mai wabi, wani lokaci ma a zargi kishiya ko tsohuwar maƙwabciya. Wannan zargi ya raba gidaje, kuma bai taɓa ceton yaro ko ɗaya ba.

Masana sun gane cewa wasu jarirai ba su iya farkawa da sauri idan numfashi ya yi musu wuya. Idan irin wannan yaro yana kwance rubda ciki, fuskarsa cikin katifa mai laushi ko zane, iskar da ya fitar ita zai sake shaƙa. A Ingila a 1991, da Amurka a 1994, aka yi gangami ana ce wa iyaye su kwantar da jarirai rigingine. Cikin 'yan shekaru irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Ba magani aka raba ba, kwanciya kawai aka canja.

Saboda haka a kwantar da jariri rigingine, a bayansa, dare da rana, har ya cika shekara. Kwanciyar gefe ba ta isa ba, domin yana iya mirginawa ya kifa. Kakanni sukan ce, "To, in ya yi tumbuɗi fa, ba zai sarƙe ba?" Tambaya ce mai kyau, iyayenmu. Amma jariri mai lafiya yakan haɗiye ko ya yi tari ya fitar, kuma a ƙasashen da aka koma rigingine ba a ga sarƙewa ta ƙaru ba. Idan yana farke kuma kina kallonsa, ki bar shi ya yi wasa a kan cikinsa don wuyansa ya yi ƙarfi.

Wurin kwanciya ya zama mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Tabarma da zane ɗaya a miƙe ta fi katifar soso da ta lotsa. A cire matashin kai da tarin tsummoki. Abin da ya fi shi ne ya kwana ɗaki ɗaya da uwa amma a nasa wurin. Mun san gidaje da yawa gado ɗaya ne da gidan sauro ɗaya, kuma sauron fadamar Kogin Haɗeja ba abin wasa ba ne, kada a fitar da yaro daga gidan sauro. In dole a kwana tare, jariri ya kasance ta gefen uwa kaɗai, ba tsakanin uwa da uba ba, ba kusa da yayyensa ba. Wanda ya sha burkutu, ko taba, ko maganin da ke sa barci, kada ya kwana kusa da jariri.

Lokacin hunturu ya fi ba mu tsoro. Ana rufe ƙofa da taga, a kawo kaskon garwashi, a lulluɓe yaro da bargo har kansa. Zafi mai yawa haɗari ne, hayaƙi kuma ya fi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari da take kashe har manya a rufaffen ɗaki. A fitar da kasko kafin barci. A sa wa yaro riga mai ɗumi, mayafi ya tsaya a ƙirji, fuska a buɗe. Ki taɓa ƙeyarsa, in yana gumi, ki rage. Haka ma a goyo: hanci da baki kada zane ya rufe su.

Nonon uwa zalla har wata 6 da cikakken rigakafi suna rage haɗarin. Idan jariri ya ƙi nono, ko numfashinsa ya canja, a kai shi asibitin Ringim ko ɗakin shan magani mafi kusa, kada a jira gari ya waye.

Idan abin ya riga ya faru a wani gida, aikin ikilisiya ta'aziyya ne. Kada kowa ya tambayi uwar yadda ta kwantar da shi.

Don tattaunawa a zumuntar mata: A gidanki, ina jariri yake kwana, kuma da su wa? Wa zai yi wa kaka bayanin kwanciyar rigingine cikin ladabi?