Darasi na 12: Olaudah Equiano, Bawan da Ya Fanshi Kansa

Ya kai ɗalibi, a wannan darasi za ka karanta tarihin wani mutum da ya sha azabar bauta, ya fanshi kansa, sa'an nan ya yi gwagwarmayar hana cinikin bayi. Karanta a tsanake, ka amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Karatu

Turawa sun shafe fiye da shekara 300 suna sayen mutane a gaɓar Afirka, suna ƙetare Tekun Atilantika da su. An kwashi mutum fiye da miliyan 12 ta wannan hanya. Badagry da Legas da Bonny da Kalaba suna cikin tashoshin da aka yi lodinsu. A can ƙetare, bayi ne ke noman rake da taba da auduga, daga fitowar rana har faɗuwarta, ba lada, ba hutu.

Olaudah Equiano yana ɗaya daga cikinsu. Bisa ga abin da ya rubuta, an haife shi a ƙasar Ibo wajen shekarar 1745. Yana ɗan shekara 11 aka sace shi tare da 'yar'uwarsa. Aka raba su, aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan, har bakin teku.

Ka yi tunanin halin da ake ciki a jirgin bayi. An cusa mutane a can ƙasan jirgi, an sa musu mari, ko wurin juyawa babu. Ga zafi, ga wari, ga cuta. Da Equiano ya ƙi cin abinci, sai aka yi masa bulala. Wasu kuwa suka faɗa teku, don sun gwammace mutuwa da bauta.

An kai shi tsibirin Barbados, daga nan sai Amurka, inda wani hafsan sojan ruwa na Ingila ya saye shi, ya sake masa suna, ya kira shi Gustavus Vassa. Ka ga ko sunansa ma ba a bar masa ba. Amma a hannun wannan hafsa ya koyi karatu da rubutu da lissafi. Daga baya aka sayar da shi ga Robert King, wani attajiri a tsibirin Montserrat. Equiano ya riƙa 'yan saye-saye da sayarwa, yana tara riba kaɗan-kaɗan. A shekarar 1766 ya biya fam 40, ya fanshi kansa.

Samun 'yanci bai sa ya manta da waɗanda ke cikin mari ba. A shekarar 1781, ma'aikatan wani jirgi mai suna Zong suka jefa bayi fiye da 130 cikin teku da ransu. Masu jirgin suka nemi 'yan inshora su biya su diyya, sai ka ce kaya suka yi asara. A 1783 Equiano ya kai wa Granville Sharp labarin, wani Bature mai kare haƙƙin bayi. Ba a hukunta kowa ba, amma labarin ya ta da hankalin jama'a.

A shekarar 1789 ya wallafa tarihin rayuwarsa a Landan, ya zaga garuruwa yana sayar da littafin, yana yi wa mutane bayani. Maganarsa ta yi nauyi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A majalisar dokoki kuma, William Wilberforce ya yi ta kai ƙudurin hana cinikin.

Equiano ya rasu a 1797, bai ga ƙarshen yaƙin ba. A 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi, a 1833 kuma ta yi dokar soke bauta a yawancin ƙasashen da take mulka. Amurka ta soke bauta a 1865, Brazil kuwa sai a 1888.

Ma'anar Kalmomi

Bauta: mallakar mutum a sa shi aiki dole.
Fansa: biyan kuɗi don a saki mutum.
Mari: ƙarfen da ake ɗaure ƙafa da shi.
Diyya: abin da ake biyan wanda aka yi wa asara.
Ƙuduri: shawarar da ake kai wa majalisa don ta zama doka.

Tambayoyi

1. Kawo tashoshi uku da aka yi lodin bayi a cikinsu.
2. Waɗanne wahalhalu bayi suka sha a cikin jirgi?
3. Ta yaya Equiano ya sami kuɗin fansar kansa?
4. Me ya faru a jirgin Zong?
5. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin karatun.

Aiki

Rubuta jumla biyar a kan yadda ilimi ya taimaki Equiano.